Takalmin Shiga Daji Da Gona

Da an ɗauke amfanin gona a ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai a ga samari sun fito da karnuka da goruna, maharba sun share bindigoginsu, ana neman zomo da fakara da zabin daji. A shekarun nan rashin zaman lafiya ya hana mutane nisa cikin dazuzzuka irin su Sububu da Dumburum, farauta ta komo gefen gonaki da bakin fadamun Gagare da Bunsuru. To, nan ɗin ma akwai abokan gaba, amma a ƙasa suke kwance. Mutum yakan kashe kuɗi wajen kare da makami, sa'an nan ya tafi da silifas. Wannan kuskure ne babba.

ABOKAN GABAN ƘAFA

Na fari ƙaya. Ƙarangiya da tsaida suna damun mai tafiya, amma ƙayar aduwa da ta bagaruwa sun fi muni, don sukan karye cikin nama. Raunin da ya yi zurfi, aka kuma taka kashin dabbobi da shi, nan ne ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora take samun ƙofa.

Na biyu maciji, tun ba kububuwa ba. Ƙarama ce, da wuya ta wuce ƙafa 2, launinta kamar na ƙasa. Da rana tana ɓuya ƙarƙashin duwatsu da tarin kara da harawa, da dare ta fito. Dafinta yakan hana jini daskarewa, har a ga dasashi yana zub da jini. Kasa kuwa ba ta gudu, sai an taka ta. Yawancin saran maciji daga gwiwa ne zuwa ƙasa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Na uku ba a ganinsa da ido. Akwai tsutsar ciki mai shan jini wadda 'ya'yanta suke huda tafin ƙafa a ƙasa mai danshi inda aka yi bayan gida. Tsargiya ma ta fata take shiga, in an tsaya cikin ruwan kududdufi.

KOWANE TAKALMI DA WURINSA

Fade na dukawa ba shi da nauyi, yana barin ƙafa ta sha iska, amma na gari ne da kasuwa. Bisan ƙafa a buɗe yake.

Takalmin taya yana da arha da ƙarko, ƙaya kuwa ba ta huda shi. Ya isa tafiyar rana a fili cikin rani. Sai dai mai saye ya shafa cikinsa da hannu, domin wata tayar tana da waya, kuma ƙusar da ba a lanƙwasa da kyau ba ita ma ƙaya ce. Ba ya tsare idon sawu daga maciji.

Kambas yana da daɗin gudu bayan karnuka, amma ƙarangiya tana manne masa, kuma haƙorin maciji yana ratsa yadi.

Dogon takalmin roba, watau na ruwa, wanda ya kai kusa da gwiwa, shi ne na fadama da shuka da girbi da ɗaukar harawa. Yana tsare ƙaya da tsutsa da yawancin saran ƙananan macizai. Aibinsa zafi da gumi, saboda haka sai a sa shi da safa ta auduga, a riƙa cire shi lokacin hutu.

Takalmin fata mai kauri, mai igiya, wanda ya rufe idon sawu, shi ya fi dacewa da maharbi mai doguwar tafiya a busasshiyar ƙasa da duwatsu. A haɗa shi da wando mai kauri da ya sauko bisa kansa.

YADDA ZA A ZAƁA

In za a saya a kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko a Ƙaura, a gwada da la'asar, gama ƙafa tana ɗan kumbura in ta wuni tana aiki. A gwada ƙafa biyu duka, da safar da za a riƙa sawa. A bar wurin faɗin yatsa guda gaban babban yatsa, amma kada dunduniya ta riƙa fita. A lanƙwasa robar a duba: in ta nuna tsaga ko fari, ta tsufa a rumfa. Ƙasan takalmin ya zama mai zane, don kada a zame a laka. Sabon takalmi kuwa a yi kwanaki ana sa shi a gida tukuna, kada ranar farauta ta zama ranar gwaji.

KULA DA SHI

Na fata a shafa masa man kaɗanya, in ya jiƙe a shanya a inuwa, ban da bakin wuta. Na roba a wanke laka, a ajiye nesa da rana da kananzir. Kullum kafin a sa, a kife shi a kakkaɓe, domin kunama tana son duhunsa.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Takalmi yana rage haɗari, ba ya kawar da shi duka. Kada a sa hannu a ramin gafiya ko suri, kada a yi tafiyar dare ba fitila. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A kwantar da shi, a ɗaura wa ƙafar sanda yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, don allurar kashe dafi ita ce magani. Wanda ƙaya ko ƙusa ta soka da zurfi ya wanke da sabulu, ya je a yi masa allurar rigakafi.

Manomi ya auna kuɗin takalmi guda da kwanciyar wata guda a tsakiyar damina, gona tana cin ciyawa. Lalle rigakafi ya fi magani.