Itanol ko Fetur Mai Babban Oktan: Zaɓin Mai ga Motar da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Motar da aka ƙara wa ƙarfi ita ce wadda aka sauya umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar injinta, wato ƙaramar kwamfutar da ke ƙayyade yawan man da za a fesa cikin silinda da lokacin da fulogi zai ba da wuta, sau da yawa kuma aka ƙara matsin iskar da turbo ke turawa, domin injin ya fitar da ƙarfin da ya zarce wanda kamfani ya sako shi da shi. Da zarar an yi wannan aiki, man da ake zubawa a tanki ya tashi daga abin da ake zaɓa bisa farashi ko kusancin gidan mai, ya zama wani ɓangare na saitin kansa, domin mai saitin ya gina lissafinsa ne a kan wani nau'in mai takamaimai. A ƙasashe irin su Amurka da Faransa da Suwidin, inda ake sayar da man da ke ɗauke da itanol mai yawa a famfo ɗaya da fetur, masu irin waɗannan motoci kan tsaya tsakanin hanyoyi biyu, itanol ko fetur mai babban oktan, kuma aikin gareji yana nuna cewa ɓarnar da ake gani ba ta cika fitowa daga ɗayan man biyu ba, tana fitowa ne daga rashin dacewar man da saitin da kuma kayan da ke kai shi cikin injin.

Ba za a fahimci maganar ba sai an san mene ne oktan. Lambar oktan ba ta auna ƙarfin da ke cikin mai, tana auna juriyarsa ne ga kamawa da wuta da kansa idan aka matse shi cikin zafi. A injin mai lafiya, fulogi ne ke kunna wutar, ta bi cakuɗen mai da iska a hankali daga wuri ɗaya zuwa bangon silinda. Idan kuwa matsi da zafi suka fi ƙarfin man, sai ragowar cakuɗen ya fashe gaba ɗaya tun wutar ba ta iso gare shi ba, a ji wata siririyar ƙwanƙwasa kamar ta ƙarfe a kan ƙarfe. Wannan ƙwanƙwasa ba ita ce nokin ɗin da kanikawa ke nufi idan injin ya cije saboda rashin baƙin mai ba, amma idan ta ɗore tana farfasa gefen fistin da ringinsa, ta ƙone gasket, daga ƙarshe ta kai injin ga halaka iri ɗaya. Injunan zamani suna da sensar da ke jin ƙwanƙwasar, ƙwaƙwalwa ta jinkirta lokacin wuta don ta kare injin, sai dai wannan kariya ƙarfi take ci, kuma tana da iyaka. Ya kamata a lura cewa ma'aunin ya bambanta tsakanin ƙasashe: a Turai ana rubuta 95 ga fetur na yau da kullum da 98 ga babba, a Amurka kuwa, inda ake ɗaukar matsakaicin gwaji iri biyu, ana rubuta 87 ga na yau da kullum da 91 zuwa 93 ga babba, saboda haka 93 na Amurka kusan daidai yake da 98 na Turai.

Itanol nau'in barasa ne da ake samu ta hanyar tsima sukari ko sitaci sannan a tace, daga masara a Amurka, daga rake a Brazil. Lambar da ke bin harafin E a jikin famfo tana nuna kasonsa cikin ɗari, wato E10 kashi 10 ne, E15 kashi 15, E85 kuma har zuwa kashi 85. Abu biyu ne suka sa masu saita injin ke ƙaunarsa. Na farko, oktan ɗinsa ya kai kusan 108 a ma'aunin Turai, abin da babu feturin gidan mai da ke kaiwa. Na biyu, wanda ba a cika ambatonsa ba alhali tasirinsa babba ne, shi ne sanyaya iska: kafin itanol ya koma tururi yakan zuƙe zafin da ya ninka na fetur fiye da sau biyu, don haka iskar da ke cikin silinda takan huce, haɗarin ƙwanƙwasa ya ragu, mai saiti ya sami damar ƙara matsin turbo da gabato da lokacin wuta. Kamfanin Koenigsegg na Suwidin ya nuna iyakar abin a 2007, lokacin da ya fitar da CCXR mai ƙarfin doki 1,018 da E85, alhali CCX da aka gina ta a kai tana ba da 806 da fetur, amma an kai ga hakan ne bayan an sauya injektoci masu fesa mai da bututun mai an kuma ƙara matsin iska. Gasar NASCAR ta koma E15 a 2011, gasar Formula 1 kuma ta ɗauki E10 a 2022.

Daga nan ne ake fahimtar wanda itanol zai amfana da wanda ba zai amfana ba. Injin mai turbo da ƙwanƙwasa ke taka wa birki, musamman a lokacin zafi, yana da ƙarfin da ke ɓoye wanda man da ya fi juriya zai fito da shi, injin da ba shi da turbo kuwa, wanda matsinsa matsakaici ne kuma tuni yana kaiwa ga mafi kyawun lokacin wutarsa da fetur, ribarsa ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai kuɗin da za a kashe ba. Haka abin yake ga babban fetur shi ma, domin zuba 98 a injin da 95 ya ishe shi ba ya ƙara masa komai.

Kuɗin itanol ana biyansa ne da yawa. Litar itanol tana ɗauke da makamashin da ya gaza na litar fetur da kusan kashi ɗaya bisa uku, sannan fetur yana ƙonewa daidai ne da awon iska 14.7 ga awo ɗaya na mai, E85 kuwa kusan 9.8 yake buƙata, wanda ke nufin dole a tura mai da ya ƙaru da kusan kashi 50 cikin ɗari a nauyi domin iska iri ɗaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: injektocin da famfon man da aka ƙera don fetur, waɗanda ƙarin ƙarfi ya riga ya matse su, sau da yawa ba sa iya ɗaukar wannan ƙarin, kuma idan injekta ta kai inda take buɗe kusan kullum, ko matsin mai ya faɗi a daidai lokacin da aka taka totur har ƙasa, cakuɗen yakan yi ƙarancin mai, zafi ya hau, fistin ya narke cikin daƙiƙoƙi. Wannan ne ya sa masu aiki da hankali ba sa barin injekta ta wuce kusan kashi 80 zuwa 85 na iyawarta. A injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, famfo mai babban matsi ne kan fara gazawa, shi ya sa masu irin waɗannan motoci da yawa ke tsayawa a cakuɗe na tsakiya kamar E30, wanda ke ba da kaso mai tsoka na amfanin oktan ba tare da ya fi ƙarfin famfon ba.

Babban abin da ake sakaci da shi shi ne cewa E85 suna ne kawai, abin da ke fitowa daga famfo yana canzawa. Ƙa'idar Amurka ta yarda itanol ɗin da ke cikinsa ya kasance ko'ina tsakanin kashi 51 da 83, kuma ana rage shi da gangan a lokacin hunturu, saboda itanol ba ya saurin zama tururi cikin sanyi, injin ba ya tashi da sauƙi. Mutumin da ke haɗa E30 da hannunsa a tanki mai lita 60 zai zuba lita 16 na E85 da lita 44 na E10, lissafin ya fita daidai idan na farkon ya cika kashi 85. Idan kuwa kashi 70 ne a haƙiƙa, abin da ke tankinsa E26 ne, idan 51 ne ya sauko kusan E21, alhali saitin yana nan yana tura matsi da wuta irin na E30. Maganin wannan a bayyane yake. Ana sanya sensar da ke auna kason itanol a bututun mai, a haɗa ta da saitin da ke gyara yawan mai da lokacin wuta da matsin turbo gwargwadon abin da ta karanta, wanda ba shi da ita kuma ya riƙe ƙaramar kwalbar gwaji mai layuka, wadda ake zuba mata ruwa da man a girgiza, itanol ya bi ruwan ya rabu da fetur, a karanta kasonsa a jikin layi. Wannan gwaji ba ya cin minti goma, kuma abin takaici ne a ga injin ya lalace saboda an ƙi yin sa.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi mai saitin kansa. Da fetur, ƙwanƙwasa kan zama gargaɗi cewa an kai iyaka, amma da E85 ana iya ci gaba da gabato da wuta har a wuce inda ƙarfi ke ƙaruwa ba tare da an ji komai ba, matsin cikin silinda yana ta hawa har ya lanƙwasa sandar fistin. Saboda haka saitin itanol na kirki ana yin sa ne a kan na'urar auna ƙarfin injin, inda ake ganin lokacin da ƙarin wuta ya daina ƙara ƙarfi a tsaya, ba a dogara da kunne ko da sensar ƙwanƙwasa kaɗai ba.

Itanol yana jan danshi daga iska, kuma motar da ke kwana watanni a ajiye da shi a tanki tana iya gamuwa da tsatsa da toshewar injekta, a tsofaffin motoci kuma yana cin wasu robobi da tiyo. Gajerun tafiye-tafiye da injin bai ɗumama ba suna sa man ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, don haka ana juye baƙin mai da wuri. Brazil, wadda ta fara shirinta na itanol a 1975, ta fitar da Fiat 147 mai aiki da shi a 1979 da Volkswagen Gol mai shan kowane cakuɗe a 2003, ta daɗe tana sanya wa motocinta wani ɗan tankin fetur don tayar da injin a safiyar sanyi, kuma direbobinta suna da lissafin da suka saba da shi, cewa itanol ba ya biya sai farashinsa bai wuce kashi 70 na farashin fetur ba.

Hukuncin da aikin ke kaiwa gare shi shi ne, motar hawan yau da kullum da ke tafiya mai nisa ta fi dacewa da saitin babban fetur mai barin tazara, ko kuma cakuɗe na tsakiya tare da sensa, cikakken E85 kuwa na wanda ya sauya injektoci da famfo ne, yake da gidan man da ya amince da shi, ya kuma yarda tankinsa zai riƙa ƙarewa da wuri. Maganar ta shafi masu sayen motocin da ake shigowa da su daga Amurka zuwa Nijeriya da Nijar, domin wasunsu sukan iso da saitin E85 ko na fetur 93 a ƙwaƙwalwarsu, su sauka a inda yawancin gidajen mai fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba a samun E85 a famfo, ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, wanda shi kansa yana ƙara kusanto da ƙwanƙwasa. Duk wanda ya sayi mota mai turbo da alamar an taɓa injinta, ya kai ta wurin wanda zai karanta ƙwaƙwalwarta ya tabbatar da man da aka saita ta a kai, idan kuma bai dace da wanda ake samu a garinsa ba, a mayar da ita saitin kamfani kafin ya fara taka ta da ƙarfi.