Mariƙin Tab da Monita: A Yi Awo Kafin a Yi Ciniki

Duk wanda ya leƙa ɗakunan ɗalibai a Samaru ko Sabon Gari a makon da jarrabawa ta matso zai ga zama iri ɗaya. Mutum ya naɗe ƙafa a kan katifa, ya ɗora tab a cinya, ya sunkuyar da kai kamar mai tsintar shinkafa, haka zai kwashe awa uku. Handawut ya koma PDF, tambayoyin shekarun baya suna yawo a WhatsApp, masu furojet kuma sun fara haɗa ƙaramar monita da laftof don su riƙa ganin babi biyu lokaci guda. Shi ya sa kasuwar mariƙi ta buɗe, wato ɗan ƙarfen nan ko robar da ke ɗaga tab ko monita daga kan tebur, wanda 'yan kasuwa ke ce wa sitan. Ni dai ra'ayina shi ne yawancinmu da ido muke sayensa, alhali abu ne da ake saye da tef ɗin awo. Lissafin da ake buƙata kuwa bai wuce wanda aka koya mana a ND1 ba.

Mu fara da wuya, tunda dominsa ake yin abin. Kan baligi yana da nauyin wajen kilo 5. In kai yana tsaye daidai saman kafaɗa, ƙashin wuya ne ke ɗauke da shi, tsoka ba ta wani aiki mai yawa. Da zarar an sunkuya, nauyin ya matsa gaba, sai tsokar ƙeya ta kama ja don kada kan ya faɗi. A shekarar 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya wallafa lissafin da ya yi da kwamfuta: a sunkuyon digiri 15 wuya yana jin kamar kilo 12, a digiri 30 kilo 18, a digiri 45 kilo 22, a digiri 60 kuwa kilo 27. Jarkar ruwa mai lita 25 ke nan da ɗoriya, rataye a wuyanka kana haddar fomula.

Sai dai kada a tsorata mutane fiye da kima. Wancan lissafi ne na kwamfuta, ba a jikin mutane aka auna ba. Wani bincike da aka yi a Brazil a kan matasa 150 masu shekara 18 zuwa 21, aka buga a 2018, bai gano alaƙa tsakanin yadda suke sunkuyawa kan waya da ciwon wuya ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne daɗewa a zama ɗaya ba motsi yana gajiyar da tsoka, kuma wanda ƙeyarsa ta ɗau zafi ba ya iya zama ya gama babi. Akwai kuma binciken da masana na Jami'ar Harvard suka buga a 2012 a kan masu amfani da tab su 15, inda suka ga an fi sunkuyawa idan tab tana kan cinya, kai kuma ya fi miƙewa idan an kafa ta a tsaye a kan tebur. Ka ga aikin mariƙi ke nan gaba ɗaya: ya kawo allon wajen ido, maimakon ido ya bi allon ƙasa.

To yaya ake awon? Ka zauna a kujerar da ka saba karatu a kai, ka miƙe baya ba tare da ƙanƙamewa ba, wani ya auna maka daga saman tebur zuwa idonka. A ce an samu santimita 45. Ƙa'idar da masana zaman aiki suka daɗe suna bayarwa ita ce saman allo ya zo daidai ido ko ƙasa da shi kaɗan, nisansa kuma kamar tsawon hannu, daga santimita 50 zuwa sama. Tab mai inci 10 in an kwantar da ita a gicciye tsayinta bai wuce santimita 17 ko 18 ba. Cire 18 daga 45, saura 27. Ma'ana gindin tab ɗin yana buƙatar tashi wajen santimita 25 daga tebur. Yanzu ka tuna ƙananan mariƙan nan masu ninkewa da ake baza su a tire a wajen PZ. Da yawansu tashin da suke ba wa tab bai kai tafin hannu ba. Suna gyara kwana, sun fi cinya nesa ba kusa ba, amma ba su kawo allo wajen ido. In ƙananan rubutu sun sa kana leƙawa bayan ka ɗaga tab ɗin, ƙara girman rubutun za ka yi, ba matso da fuska ba.

Wani abu da mai shago ba zai gaya maka ba: ranar da ka ɗaga tab zuwa ido, ranar ka tashi daga mai taɓa allo ka koma mai buƙatar kibod. In ka ce za ka yi ta miƙa hannu sama kana rubutu, ka cire ciwon daga wuya ka mai da shi kafaɗa. Mai karatu zalla ba ruwansa. Mai buga furojet kuwa ya sa kuɗin ƙaramin kibod da mawus cikin lissafinsa tun farko.

Yanzu ga inda darasin yake da daɗi, musamman ga 'yan injiniyanci, amma 'yan akanta ma kada ku tsallake, ninkawa ce kawai. Abin da ke karya mariƙi ba nauyi ba ne shi kaɗai, nauyi ne a ninka da nisa. Shi ne ƙarfin murɗa, momen ɗin nan da muke ji a aji. Ɗauki tab mai rabin kilo, wato wajen niyuton 5. Ka maƙala ta a hannun da ya miƙo santimita 40 daga inda aka ɗaure shi: 5 sau 0.4, niyuton-mita 2. Sauya ta da monita mai inci 15.6 wadda ta kai kilo ɗaya da rigarta: niyuton-mita 4. Lambar kamar ba komai. Amma dukan murɗar nan tana sauka ne a ɗan bakin ƙarfen da ya ciji gefen tebur. In zurfin cizon santimita 5 ne, raba 4 da 0.05, ka samu niyuton 80. Kamar kilo 8 ke nan yana ɓanɓarar gefen teburinka dare da rana, saboda monitar kilo ɗaya.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa mariƙi mai cizo ba ya zama lafiya a teburin roba, irin wanda rabinmu ke da shi a ɗaki. Gefensa fanko ne, yana lanƙwashewa, noti ya saki, wata rana da tsakar dare ka ji tas a siminti. Haka teburin garin katako da aka manne, in ya sha laimar damina, marmashewa yake a ƙarƙashin cizon. Mai irin wannan tebur ya sa guntun katako mai ƙwari sama da ƙasa kafin ya ɗaure, don nauyin ya bazu. In kuwa roba ce, shawarata ya haƙura da mai cizo kwata-kwata. Kuma lissafin ya ba mu magani kyauta: rage nisa. In ka naɗe hannun ya dawo santimita 20, ka raba murɗar biyu ba ka kashe ko sisi ba.

Mai gindi, wanda ake ajiyewa kawai a kan tebur, nasa ciwon kifewa ne. Muddin cibiyar nauyi tana cikin faɗin gindin, yana tsaye. A ce mariƙi da tab sun haɗa kilo 1.2, niyuton 12 ke nan, kuma daga cibiyar nauyin zuwa bakin gindi na baya santimita 5 ne. Abin da ke riƙe shi 12 sau 0.05 ne, wato 0.6. Kai kuma ka danna allo da yatsa a tsayin santimita 30 da ƙarfin niyuton 2, wanda bai wuce nauyin giram 200 ba: 2 sau 0.3, shi ma 0.6. Kun yi kunnen doki, ƙara dannawa kaɗan ya tafi baya. Saboda haka a mariƙi mai gindi, nauyi ba aibi ba ne. In ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar kwali, ajiye musu kayansu. Duk mariƙin da ya fi tsayi, dole gindinsa ya fi faɗi ko ya fi nauyi.

Mai dogon wuya mai lanƙwasuwa kamar maciji, wanda ake ɗaurawa a gado, na kallon fim ne. Ka taɓa allon sau ɗaya, ya yi ta rawa kana jira ya tsaya. Ba zan ɓata tawada a kansa ba.

Gaɓoɓin mariƙi iri biyu ne. Akwai mai gogayya, inda noti ke matse ƙarafa biyu da 'yar roba a tsakani. Shi ne mai araha, kuma yana saki da amfani, don haka ka duba ko notin a fili yake yadda za ka iya ƙara ɗaure shi. Wanda aka dunƙule gaɓarsa ba wurin sa sufana, ranar da ya saki ya gama aiki. Sai mai sifirin, wanda ke ɗauke nauyin da kansa ya tsaya duk inda ka sake shi. Dabarar tsohuwa ce: wani injiniyan Ingila mai aikin sifirin ɗin mota, George Carwardine, shi ya ƙirƙiro ta a 1932 don fitilar tebur da aka sani da Anglepoise. Amma a lura, manyan hannayen monita na ofis masu sifirin ɗin gas ana yin su ne don wani kewayon nauyi, da yawa daga kilo 2 suke farawa. Ka ɗora musu tab mai rabin kilo, sai hannun ya yi ta tashi sama shi kaɗai. Tsada ba ta nufin ya dace da kayanka. Karanta mafi ƙarancin nauyin da aka rubuta a kwali, ba mafi yawa kaɗai ba.

Masu monita, ku juya bayanta ku duba. In akwai ramukan noti a murabba'i, auna tsakaninsu. Ƙa'idar VESA, wadda ta fito a 1997, ta tsayar da milimita 75 ko 100 ga ƙananan allo, da noti mai lamba M4. Wasu ƙananan monitocin ramuka biyu kawai gare su, wasu rami ɗaya irin na kyamara, da yawa ba ko ɗaya, sai dai a kama su da baki mai sifirin kamar tab. In akwai ramin, a yi hattara da tsawon noti. Monitar tafi-da-gidanka siririya ce, dogon noti yana iya wucewa ya taɓa allon ta ciki, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa da araha. In baki mai sifirin ne, auna faɗin na'urarka da rigarta a jiki, ka tabbata bakin yana buɗewa ya wuce haka, ba ya danne maɓallin kunnawa, ba ya toshe wurin caji.

Zafin Zariya ma yana cikin lissafi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a Maris da Afrilu rana tana wuce 35 ba tare da neman izini ba. Tab a kan katifa tana caji, bayanta a toshe da soso, zafi ba shi da hanyar fita, batir ne ke biyan bashin. Mariƙin da ya bar bayanta a buɗe iska na wucewa ya yi rabin aikinsa ko da bai ɗaga ta sosai ba. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga gaɓoɓi. A goge da busasshen tsumma. Kada a ɗiga mai a gaɓa mai gogayya, don gogayyar ce ke riƙe da tab ɗin. Ka sa mai, ka mai da shi lilo.

Ba dole sai na kanti ba. Kafintocin Samaru da masu walda na Sabon Gari za su yi maka abin da ya fi na kwali dacewa, in dai ka je musu da awo a rubuce. Mafi sauƙi shi ne akwatin katako mai tsayin da ka lissafa, a samansa allo mai jingina da hinjin ƙofa, bayansa sanda mai shiga tsaga uku ko huɗu don sauya kwana, gabansa ɗan leɓe mai santimita ɗaya da rabi da zai tare tab, an fafe tsakiyarsa don wayar caji. Cikin akwatin ya zama ma'ajiyar kibod. Masu karatu a ƙasa su auna daga tabarma zuwa ido a zaune, a yi musu ɗan benci a kan wannan awon. In na ƙarfe za a yi, a gaya wa mai walda ya goge kaifi, a manna robar tsohon tiyub duk inda ƙarfe zai taɓa gilashi. 'Yan sashen kanikanci da ke neman ƙaramin aikin bita, ga shi nan a gabanku, har da lissafinsa.

Wanda kuma ya fi son na kanti, ya tafi kasuwa da tab ɗinsa da awonsa, kada ya saya a rufe cikin kwali. A buɗe, a ɗora na'urar, a miƙe hannun iya tsawonsa, a sake shi minti ɗaya a ga ko yana zamewa ƙasa a hankali. A danna kusurwar sama ta allo kamar yadda ake yi in ana rufe shafi, a ga ko gindi yana ɗagawa. A juya ta tsaye, don PDF ya fi karantuwa a tsaye, kuma a nan ne cibiyar nauyi ke hawa sama, mariƙin da ya ci jarrabawa a gicciye ya faɗi. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, akwai wani shagon a gaba.