Yadda ake tsara fom-fom a manhajar tallan kasuwanci

Duk kamfanin da ya shekara biyu yana aiki da manhajar da ke tura wa abokan ciniki saƙonni da kanta, irin su HubSpot ko Marketo ko Mailchimp, da wuya ka buɗe sashen fom ɗinsa ba ka tarar da shirgi ba. Wannan sunansa "Sabon fom", wancan "Sabon fom 2", ga "Gwaji" har kala-kala. Wanda ya ƙirƙire su ya bar aiki, kuma kowa yana tsoron taɓa su, don ba a san wanne ne ke manne a shafin kamfani ba. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ya cike fom yana neman farashi, saƙon bai je hannun kowa ba, ya gaji da jira ya nufi wani.

Da ƙidaya ake farawa, kada a goge komai tukuna. A buɗe takardar Excel, kowane fom a ba shi layinsa: sunansa, shafin da yake manne, ranar da aka cike shi ta ƙarshe, sai kuma abin da ke faruwa bayan mutum ya danna "aika". Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan aikin. Wane jerin sunaye mutumin yake shiga? Wane imel ake tura masa? Wa ake sanarwa cikin ma'aikata? Fom ɗin da aka rasa amsar waɗannan a kansa, a yi masa jan alama.

Da amsar waɗannan tambayoyin ake rarraba fom ɗin. Mutane da yawa suna buɗe folda da sunan sashe ko na wata, "na Talla", "na Janairu". Ban yarda da hakan ba, domin sashe yana sauya suna, wata kuma yana wucewa, amma dalilin da ya sa mutum ya cike fom ba ya sauyawa. Ko farashi yake nema, ko rajistar taro, ko wasiƙar labarai, ko saukar da wata takarda, ko ƙorafi ya kawo. Folda biyar ke nan, kuma sun ishi yawancin kamfanoni. Marketo, wadda Adobe ya saya a 2018, tana da wani rabon mai amfani: fom ɗin da za a yi ta amfani da shi a ajiye shi a Design Studio, na shiri guda kuma ya zauna cikin shirinsa. A Mailchimp kuwa fom yana rataye ne da jerin masu karɓar saƙo, kuma mutum ɗaya idan ya shiga jeri biyu, sau biyu za a lissafa shi a kuɗin wata. Don haka gara jeri ɗaya, a bambanta mutane da laƙabi.

Sai suna, wanda a ganina ya fi folda muhimmanci. Folda ba ta bin fom zuwa rahoto, ba ta kuma fitowa a tarihin abokin ciniki. Suna ne ke fitowa. A tsayar da ƙa'ida ɗaya: manufa, kaya, harshe, lokaci. Mai sayar da kayan sola zai rubuta "Farashi_Sola_HA_2025-03". HA na nuna fom ɗin Hausa ne, kuma an gabatar da shekara kafin wata don manhaja ta jera su bi da bi da kanta. A rubuta ƙa'idar a layi uku, a miƙa wa duk mai izinin ƙirƙirar fom. Masu izinin ma a rage su.

Daga nan a rage yawan fom ɗin. Yawancin kwafe-kwafen an yi su ne don a gane daga ina mutum ya zo, Facebook ko imel ko WhatsApp. Fom ɗaya ya isa. A saka masa ɓoyayyen gurbi wanda zai ɗauki alamar UTM da ke wutsiyar adireshin shafi, kamar utm_source da utm_campaign, sai ya rubuta hanyar da mutum ya biyo ba tare da shi ya gani ba.

Guraben ma sai an leƙa su. Za ka ga fom ɗaya yana zuba lamba a gurbin "Waya", wani a "Lambar waya", wani a "WhatsApp", wannan da 080, wancan da +234. A haɗe su gurbi guda da tsari guda, in ba haka ba saƙon tes zai riƙa tsallake mutane. Gurbin amincewa kuma kada a yi wasa da shi. Dokar GDPR ta Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018, Najeriya kuma ta samu dokarta ta kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023. Ranar da wani ya tambayi yaushe ya yarda a riƙa tura masa talla, dole a iya nuna fom ɗin da ranar da ya cike shi.

Tsofaffin da aka yi wa jan alama ba a goge su nan take. Idan aka goge fom alhali yana manne a wani shafi, sai shafin ya zama wayam, masu zuwa su rasa inda za su rubuta. A fara cire shi daga shafukan, a sauke bayanan waɗanda suka cike shi, a sa "zz" a gaban sunansa don ya gangara ƙasan jeri, a tura shi foldar "Ajiya". Idan an yi wata uku babu wanda ya cike shi, kuma babu wani saƙo mai tashi ta dalilinsa, sannan a goge.