Kwana Dubu Na Farko: Darasi Kan Cimar Mai Ciki, Mai Jego Da Yaro a Ƙasar Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma kogin Kwara ya ratsa ta. Ƙasa ce ta shinkafa da gero da kifi da shanu, ga kuma zirga-zirgar fatake ta Tsamiya da Lolo. Duk da wannan albarka, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Babu jihar da ta kai wannan adadi a lokacin, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Yaya aka yi haka ta faru a inda ake noma?

Amsar tana cikin lokacin da masana ke kira kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A nan ne ƙwaƙwalwa da ƙashi suka fi saurin ginuwa, kuma abin da yaro ya rasa a wannan lokaci da wuya ya maido shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai ciki

Jinin mace yakan ƙaru sosai idan tana da ciki, don haka buƙatarta ta sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, takan hauhawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kowace rana. Su ne ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo. Ƙarancin jini yana jawo haihuwar jariri mai nauyi ƙasa da kilo 2.5, kuma yana sa zubar jini wajen haihuwa ya fi haɗari. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ya yawaita a fadamun kogi, yana fasa ƙwayoyin jini, shi ya sa ake ba mai ciki maganin rigakafinsa bayan wata uku na farko, tare da gidan sauro.

Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo duk suna da sinadarin ƙarfe. Lemo ko tumatir yana taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi kuwa yana hanawa idan aka sha shi tare da abinci.

Mai jego

Dakashi, wato nonon farko mai kauri, yana cike da sinadaran da ke kare jariri daga cuta, saboda haka zubar da shi asara ce. A ɗora jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6. Ko a tsananin bazara ba ya buƙatar ruwa, domin kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne. Uwar ce ke buƙatar ƙarin abinci, kimanin kalori 500 a rana. Sai dai a yi hattara da kunun kanwa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa, tare da wankan jego mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Yaro

Daga wata 6 nono kaɗai ba ya isa, amma a ci gaba da shi har shekara biyu. Matsalar koko da kunu mai ruwa-ruwa ita ce suna cika ƙaramin ciki ba tare da gina jiki ba. Idan aka soya gero da waken suya da gyaɗa aka niƙa tare, aka zuba garin busasshen kifi ko na zogale, an sami kunu mai kauri da ke ɗauke da furotin da mai, kuma duk kayansa na kasuwar ƙauye ne.

Inda taimako ke shigowa

Talaka yakan sayar da amfaninsa da kaka don biyan buƙata, ya sayi hatsi da tsada da damina, daidai lokacin da zazzaɓi da gudawa ke tsananta. A nan ne tamowa ke yawaita. Jami'in lafiya yakan auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da tef mai launi. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, haka ma kumburin ƙafafu biyu.

Maganinta abinci ne na musamman da aka haɗa da gyaɗa, madara, mai, sukari da bitamin. Likita André Briend na Faransa yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi a 1996, kuma kowace leda mai giram 92 tana ba da kalori 500. An ga amfaninsa a Maraɗi lokacin yunwar 2005, sannan a 2009 aka fara shirin jinyar tamowa a gida a Nijeriya, Kebbi na cikin jihohin farko. A 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar tamowa a Maiyama. Wannan leda magani ce ta yaro ɗaya. Raba ta da 'yan'uwansa ko kai ta kasuwa yana iya zama sanadin rasa ransa.

Iyalan da ke zuwa ci-rani ko kiwo tsakanin Bagudo da Segbana su riƙa tafiya da katin awo da na rigakafi, don kada jinya ta yanke. Maigida kuma shi ne riƙe da makullin rumbu, don haka darasin nan nasa ne kamar yadda yake na uwargida.

Aikin aji

1. Rubuta abinci biyar masu ƙara jini da ake samu a kasuwar garinku, da farashin kowanne.
2. Bayyana bambanci tsakanin tsumburewa da ramewa.
3. Me ya sa tamowa ta fi yawa da damina?