Murhu mai fanka da makamashin pelet: yadda za ka gane mai kyau kafin ka biya kuɗi

Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga maganar waya da manhaja, amma bai yi nisa ba. Duk mai hawa Facebook ko TikTok zai iya cin karo da tallar wani ɗan ƙaramin murhu mai fanka da batir, wani ma har da faifan sola da kafar USB ta cajin waya, irin su ACE One da ake haɗawa a ƙasar Lesotho. A bidiyon za ka ga wuta tana ci tsaf, babu hayaƙi, gindin tukunya bai yi baƙi ba. Abin da tallar ba ta cika faɗa ba shi ne, murhun rabin na'urar ne. Ɗaya rabin shi ne makamashin da ake zuba masa, kuma a nan ne mai saye a Birnin Kebbi ko Argungu zai ci riba ko ya tafka asara.

Mene ne pelet?

Pelet wasu 'yan gajerun sanduna ne masu kaurin fensir, faɗinsu milimita 6 ko 8, tsawonsu bai wuce milimita 40 ba. Ana yin su ne da garin katako busasshe, wanda inji ke dannawa da ƙarfi ta cikin ƙananan ramukan wani faranti na ƙarfe. Matsin yana haifar da zafi, zafin kuma ya narkar da wani sinadari mai danƙo da ke cikin itace mai suna lignin. Idan ya huce sai ya kama garin ya riƙe. Shi ya sa pelet mai kyau yake sheƙi a jikinsa, kuma ba ya buƙatar a zuba masa gam.

Kada ka haɗa shi da curin gawayi da wasu matasa ke yi da hannu. Shi wannan ana fara ƙona buntu ko kara ne ya zama gawayi, a daka, a kwaɓa da sitacin rogo ko ƙaro, a cura, a shanya. Ya fi pelet girma, kuma a kasko ko murhun gawayi ake amfani da shi.

Me ya sa murhun ke da zaɓen abinci?

Murhun duwatsu uku ba ya tambaya. Ka tura masa kara, ka tura masa ɗanyen ice, zai ci, sai dai idonka ya sha hayaƙi. Murhu mai fanka kuwa aikinsa daban ne. Ana cika shi da pelet, a kunna wutar daga sama. Fankar tana turo iska kaɗan ta ƙasa, zafi ya riƙa fitar da gas daga jikin makamashin, sannan wata iskar ta shigo ta ƙananan ramuka a sama ta haɗu da gas ɗin ya kama da wuta. Hayaƙin da ke tashi a murhun gargajiya shi ne wannan murhun yake ƙonawa. To duk wannan lissafi ya dogara ne a kan iska ta samu hanyar ratsawa tsakanin ƙwayoyin. Idan gari ya cike tsakaninsu, iska ta toshe. Idan da laima, zafin zai tafi wajen busar da ruwa, gas ɗin ya fito da tururi, wuta ta mutu, ɗaki ya turnuƙe.

Ka ɗauke shi kamar caja da wutar da ke hawa tana sauka. Cajar lafiyarta lau, amma ba za ta yi maka aikin kirki ba.

A ƙasashen sanyi irin su Italiya da Jamus, inda ake dumama gida da murhun pelet mai tura wa kansa makamashi da inji, matsalar ta kai sai da aka kafa ma'auni. Akwai ƙa'idar ISO 17225-2, akwai kuma tambarin ENplus da ya samo asali a Jamus a 2010. Pelet mai daraja ta ɗaya, wato A1, laimarsa ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 ba. A2 yana kai wa 1.2, B kuma kashi 2. Kowane kilo dole ya ba da zafi aƙalla 4.6 kWh. Don ka gane girman wannan lamba, batirin waya mai 5,000 mAh yana ɗaukar kusan 19 Wh, ke nan zafin da ke cikin kilo ɗaya ya kai abin da batir 240 ke riƙewa. Abin da mai saye yake biya da wannan tambari shi ne tabbacin cewa buhun da ya saya yau daidai yake da wanda zai saya wata mai zuwa.

Mu a nan buntu muke da shi

Kebbi ba ƙasar dazuzzukan katako ba ce, ƙasar shinkafa ce. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamba 2015, a nan kamfanin Labana yake, a Argungu kuma aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a 2017. Ban da waɗannan ga ƙananan injinan casa a garuruwan da ke bakin fadamar Rima. A duk kilo 100 na shinkafar da ba a casa ba, kusan kilo 20 buntu ne. Manyan kamfanoni kan ƙona nasu a tukunyar tururi, mata masu gumi su ma suna hura wuta da shi, sauran kuma ya taru tsibi a bayan inji. Saboda haka duk wanda zai yi pelet a wannan yanki, buntu ne zai fara zuwa masa a rai, kuma yana da gaskiya: buntu a sake ba shi da nauyi, yana cin wuri, idan aka matse shi sai ya ragu wajen ninki biyar, ya yi sauƙin ɗauka da ajiya.

Sai dai buntu ba katako ba ne, kuma wannan shi ne babban abin da nake so ka riƙe. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa toka ce, yawancinta kuma silika, sinadarin da yashi ya ƙunsa. Ga lissafin: ka ƙona kilo ɗaya na pelet ɗin katako A1, tokar da za ka kwashe ba ta wuce giram 7 ba, cokali ɗaya ke nan. Ka ƙona kilo ɗaya na pelet ɗin buntu, za ka kwashe giram 150 zuwa 200. Zafinsa ma bai kai na katako ba, yana tsakanin 3.5 da 4 kWh a kilo, gawayin ice kuwa yana kai wa wajen 8. Silikar nan tana cin farantin injin da ke matse shi kamar yadda dutse ke cin wuƙa, kuma idan ramukan farantin suka buɗe, pelet ɗin sai ya riƙa fitowa da laushi. Wannan na cikin dalilan da za su sa mai sana'a ɗaya ya ba ka kaya mai kyau a watan Janairu, ya ba ka mai rugurgujewa a Afrilu, ba tare da ya yi niyyar cutarka ba.

Sai maganar gauraye. Mai yin pelet zai iya haɗa buntu da garin katako don rage toka, kuma dabara ce mai kyau in dai ma'aunin haɗin ba ya canzawa. Idan ya zuba karan shinkafa ko na dawa, tokarsu tana saurin narkewa ta dunƙule ta yi tauri ta toshe ramukan iska. Idan buntun daga ƙasa aka share shi, yashi ya shiga. Idan garin katakon daga wajen kafintoci ne masu aikin filawud da katako mai fenti, to gam da fenti za ka ƙona a ƙarƙashin tukunyarka. Masu curin gawayi kuma wasu na ƙara yumɓu don ya riƙe, yumɓu kuwa ba ya ci da wuta, nauyi kawai yake ƙarawa a sikeli.

A ganina, sayen murhun da aka ƙera don pelet ɗin katako a zuba masa na buntu zalla haɗin gambiza ne. Zai kama, amma toka za ta cika shi kafin shinkafa ta nuna. Akwai murhun da aka ƙera don buntu tun asali: wani injiniya ɗan ƙasar Filifin, Alexis Belonio, ya ƙera mai ƙaramar fanka da ke cin buntu kai tsaye ba sai an matse shi ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2008. Matasanmu masu walda da masu karatun injiniya a Birnin Kebbi, wannan ne ya fi cancanta su bincika.

Gwajin da za ka yi da kanka

Ba sai ka je ɗakin bincike ba. Kana buƙatar ƙaramin sikeli mai lamba irin na masu yin kek, da rariya, da kofin gilashi, da wayarka.

Fara da ido da hannu. Ka ɗebi pelet daga ƙasan buhu, domin can gari ke taruwa. Mai kyau yana da santsi, kuma idan ka karya shi zai ɓalle da ƙara. Wanda ya tsattsage ko ya kumbura ya sha laima. Launi kuwa kada ya ruɗe ka, ya danganta ne da irin itacen.

Sai ka jefa 'yan ƙwayoyi cikin kofin ruwa. Wanda aka matse sosai zai nutse, bayan 'yan mintuna ya kumbura ya koma gari. Ka motsa ka duba gindin kofin: idan ka ga yashi ya kwanta, ka san da me aka haɗa ka.

Don gane ƙarfinsa, auna giram 500, zuba a gwangwani mai murfi, ka girgiza na minti biyu da agogon waya, ka tankaɗe a rariya, ka auna garin. A ma'aunin A1, wanda ake yi da injin juyawa na musamman, kashi 98 cikin 100 ne ya kamata ya tsira. Gwajinka ba irin nasu ba ne, amma idan garin ya kai giram 25 ko 30, wannan kaya ba zai jure tafiyar babur daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ba.

Laima ana iya auna ta da 'yar na'ura mai allura biyu, sai dai an yi ta ne don katako, lambarta a kan pelet ba abin dogaro ba ce sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka auna giram 200, ka shanya a faranti kwana biyu a ranar hunturu ko bazara, ka sake aunawa. Idan ya ragu da fiye da giram 10, ruwa ka saya da kuɗin makamashi.

Gwajin da ya fi duka shi ne na wuta. Auna giram 500, ɗora lita biyu na ruwa a tukunya, ka danna agogo. Rubuta mintin da ya tafasa, da mintin da wuta ta mutu, sannan bayan ya huce ka auna abin da ya rage. Idan ragowar baƙa ce, akwai sauran gawayi a ciki, toka ta gaskiya fara ce ko ruwan toka. Ka adana lambobin a Google Sheets ko wajen rubutu na wayarka, tare da kwanan wata da sunan mai kaya. Buhu ɗaya ba ya gaya maka komai game da mai sayarwa, sai ka gwada uku da aka saya a lokuta daban. Idan na farko ya tafasa ruwa a minti 9, na biyu a 10, na uku a 17, ka samu amsarka. Kuma da waɗannan lambobi ne za ka kwatanta da gawayi ko gas: kuɗin tafasa lita biyu za ka duba, farashin buhu shi kaɗai ba ya nuna araha.

Hunturu da rufaffen ɗaki

Wannan ɓangaren ya shafi rai. Sanyin asuba na Disamba da Janairu kan sa mutane su shigar da kasko ɗaki su rufe ƙofa da taga. Duk abin da ke ci da wuta yana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci. Murhu mai fanka bai tsira daga wannan ba. Ya fi haɗari a ƙarshen ci, lokacin da harshen wuta ya mutu ya bar garwashi, ko batir ya ƙare fanka ta tsaya, ko toka ta toshe iska, abin da pelet ɗin buntu ke saurin jawowa. Murhun dumama gida na Turai yana da bututun da ke fitar da hayaƙi waje, na girki ba shi da shi. Kada ka kwana da shi a ɗaki. Idan kana girki a ciki, buɗe taga, kuma ka nemi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya kusa da wuta alama ce ta a fita waje nan take.

Kafin ka tura kuɗi

Tambayi mai sayar da murhu inda za ka riƙa samun pelet ɗinsa, da farashinsa har ya iso garinku. A Ruwanda, kamfanin Inyenyeri ya riƙa bai wa gidaje murhun Mimi Moto yana sayar musu da pelet, amma ya rufe a 2020, kuma murhun da ba shi da abin ci kayan ado ne. Mai pelet kuma ka tambaye shi da me ya yi, kashi nawa buntu, kashi nawa katako, yaushe aka yi shi. Ka fara da ƙaramin buhu.

Idan ka samu mai kyau, ajiya ta rage gare ka. Ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, ka ɗaure bakinsa. Pelet yana zuƙar laima daga iska, kuma wanda ya kumbura ba ya komawa daidai ko an shanya shi. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a fadama, kada ka sayi fiye da abin da za ka ƙona a mako biyu.