Yadda Haske Da Haske Ke Haifar Duhu

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in aka ce muku haske zai gamu da haske su haifi duhu, na san za ku ce zancen kanzon kurege ne. Ni ma haka na ce, sai malaminmu na kimiyya ya ce in tuna da tafkin garinmu Jangeru da damina.

In ka jefa tsakuwa biyu a tafki, kowace za ta ta da igiyoyin ruwa. Inda tudun igiya ya gamu da tudun wata, sai ruwa ya ƙara tashi. Inda tudu ya gamu da kwari kuwa, sai su kashe juna, ruwa ya kwanta. To, haske ma igiya-igiya yake tafiya. Wani mutumin Ingila, Thomas Young, shi ya nuna wa masana haka a Landan cikin 1803.

Nisan da ke tsakanin tudu da tudu shi ne tsawon igiya. Na jan haske kamar nanomita 700 ne, na shuɗi kamar 450. Nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya.

Da hutu na so in gwada wa Baba, don geronsa yake sayarwa ya yi mini guzurin makaranta. Na yi tsaga biyu a kwali da wuƙa, na haska tocilar leza da na aro. Ban ga komai ba. Baba ya ce, "Wannan ne karatun?" Kunya ta kama ni.

Sai na koma ga lissafi. Ana ninka tsawon igiya da nisan bango, a raba da ratar tsagogin, a sami ratar layukan. In bango na mita 2, ratar tsagogi rabin milimita, layukan jan haske za su yi ratar milimita 2.8. Nawa tsagogin sun kai santimita guda, shi ya sa.

Washegari na turara gilashi da hayaƙin aci-balbal, na haɗa reza biyu na ja layi. Da dare muka haska bangon zaure, sai ga layuka jere, ja, duhu, ja, duhu. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya aika a kira maƙwabcinmu.

Ku gwada, amma kada ku haska leza a idon kowa. Allah Ya ƙara mana basira, amin.