Darasi: Buri da Wadar Zuci

'Yar'uwa, kin lura in kika samu atamfar da kika daɗe kina buri, ko sati ba a rufawa idonki ya koma kan leshin maƙwabciya? Ba ke kaɗai ba ce, zuciyar ɗan Adam kenan.

Nana Faɗima (RA), niƙa ya sa hannunta ya yi kanta, ta nemi mai hidima wurin Mahaifinta (SAW). Bai yi mata faɗa ba, don son sauƙi ba laifi ba ne. Amma bai ba ta ba. Sai ya koya musu, ita da Sayyidina Aliyu, tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 34 lokacin kwanciya, ya ce wannan ya fi musu alheri.

To ke fa, ranar da Maigida ya ce a yi haƙuri sai ƙarshen wata, da me bakinki yake kwana?